A'a Sau Goma Sha Biyu

A gidan yayata Likita ake ce mini, alhali duk mai kirana da sunan ya san ban taɓa taka ƙofar makarantar likitanci ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a bayan kantar ɗan ƙaramin kemis ɗina, ina zuba ƙwayoyi a ambulan ina rubuta "sau uku a rana" a bayanta, har gwiwoyina suka gaji na rufe shagon. Abin da na fi dangi da shi kyawun rubutu ne kawai, kuma saboda shi mijin yayata ya sa aka kira ni da safiyar wata Laraba. Ba shawarata yake nema ba. Bai taɓa nemanta ba.

Manaja muke kiransa. Shekara goma sha huɗu ke nan da barinsa kamfanin sufurin da ya shugabanta, amma sunan bai sake shi ba, shi ma bai saki sunan ba. Har yau idan ya zauna a falo sai ya jawo ɗan tebur gabansa, ya jera tabarau da biro da waya a kai, kamar mai jiran masinja ya shigo da fayil. Ranar kuwa an dace, akwai takarda a kan teburin.

"Zauna, Likita," ya ce, bai ko ɗago ba. "Fom ne. Hannuna rawa yake yi yanzu, rubutun yayarka kuwa kamar kaza ta yi tono."

Ya kamata in faɗi abin da ya kawo takardar. Ɗansu ɗaya ne tak, wanda tun yana ƙarami ake kira Shiru-shiru. Shekararsa ashirin da tara, sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wata biyu kafin wannan rana abokan aikinsa suka ɓalle ƙofar banɗakin wani ofis da suka je yi wa aiki, suka same shi kwance a ƙasa da sirinji a gefensa. Hiroyin ce, hodar maye da ake yi wa kai allurarta. A gidan ba a furta kalmar. Ana cewa ya haɗu da mugayen abokai, ana kuma cewa yana asibiti, ko da yake cibiyar masu fama da shaye-shaye ce. Yana da 'ya 'yar shekara uku, wadda take hannun yayata tun rabuwarsa da uwarta. Uwar tana aiki a wata masana'anta da ake ɗinka kayan makaranta, don haka a gidan ba ta da suna sai Mai Ɗinki, kuma yadda yayata take furta sunan za ka rantse wata cuta take ambata. Mai Ɗinki ta kai kukanta ofishin kula da yara tana neman a ba ta 'yarta. Ofishin ya aiko da tambayoyi goma sha biyu a kan yadda uban yarinyar ya taso, tunda mutanen da suka raine shi su ne suke rainonta, ya kuma ce jami'arsa za ta zo da ƙarfe biyu ta karɓi takardar ta ga yarinyar. Abin da jami'ar ta rubuta shi zai nuna inda yarinyar za ta zauna.

Na sa tabarau na fara karantawa a fili. "Ta ɗaya. Shin yaron ya riƙa ganin duka ko zagi tsakanin manya a gidan?"

"A'a," in ji Manaja.

Yayata tana tsaye a ƙofar kicin tana goge kofi. Kunnenta na hagu ba ya ji tun shekarar da yaron ya shiga aji biyu, kuma ni ne na yi mako uku ina ɗiga mata magani a ciki ina cewa ai sanyi ne. Ta juyo da na dama ta ce, "Me ya ce?"

"Wai ko muna faɗa."

"Wane gida ne ba a saɓani? Rubuta a'a."

"Ta biyu. Shin akwai mai shan giya ko wani abin maye a gidan lokacin ƙuruciyarsa?"

"A gidan suka ce, ko?" Manaja ya gyara zaman biro a kan tebur. "A gidan nan ba a taɓa buɗe kwalba ba."

Bai yi ƙarya ba. A mota yake shanyewa, a bakin get, sannan ya shigo da abin da ya rage na hankalinsa.

"Ta uku. Shin an taɓa ba yaron maganin da ke sa barci ba da umarnin likita ba?"

Nan Manaja ya yi dariya har da tari. "Ba da umarnin likita ba? Ga Likita nan zaune." Ya share ido da bayan hannu. "Ka ga, bar karatun nan haka. Na san irin waɗannan takardu, shekara ashirin na yi ina cike na inshora. Kowace tambaya tarko ce, amsar tarko kuwa a'a ce. Bi layi daga sama har ƙasa."

Na kuwa bi. Ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba, kuma ba umarninsa ne ya hana ni ba. Tambaya ta uku ce ta sa na daina son ganin abin da ke ƙarƙashinta. Na ɗora yatsa a gefen dama inda aka bar gurbin amsa, na riƙa saukowa ina zana a'a, kowace da wutsiyarta mai lanƙwasa, har goma sha biyu. Manaja ya ɗaga takardar ya duba kamar mai duba sabon kuɗi, ya ce da ni aka yi wa sakatare da kamfanin bai durƙushe ba.

A gidan ana ce wa maganin barcin "cokalinsa". Yaron yana da shekara biyu da 'yan watanni aka fara. Da ya ji ƙarar motar ubansa a bakin get sai ya ɓare baki, kukan kuwa shi ne abin da uban ya fi tsana, kuma a kan uwar yake hucewa. Wata rana ta zo shagona da ido a kumbure. Na sauko da maganin tari mai kodin daga kanta ta sama, na ce rabin cokali ya isa. Ya isa ɗin. Cikin mako ɗaya gidan ya yi tsit. Baƙi suka fara yaba yaron: ga haƙuri, ga natsuwa, inda aka ajiye shi nan za a same shi. Wata goggon Manaja ce ta raɗa masa Shiru-shiru, yayata kuwa ta ɗauki sunan kamar lambar yabo. Har yau idan ta ji ɗan maƙwabta yana kuka sai ta taɓe baki ta ce wasu ba su iya raino ba.

Jikar kuma 'Yar Tsana ake ce mata, saboda dalilin da ba sai na faɗa ba. Wata shida kafin wannan rana yayata ta ce mini yarinyar ta cika rigima, ga Manaja da hawan jini ba ya son hayaniya. Na riga na rufe shago, ba ni da kwalbar da zan miƙa. Sai na yagi gefen kalanda na rubuta mata sunan wani maganin mura mai sa barci, da rubutuna mai kyau, yadda mai kemis ba zai sha wahalar karantawa ba.

Ƙarfe biyu da kwata jami'ar ta iso. Ba za ta wuce sa'ar Shiru-shiru ba. Takalminta ya sha tafiya, zif ɗin jakarta ya mutu ta kama bakin da fil. Manaja ya dube ta daga sama har ƙasa, kallon da yake yi wa direban da ya zo neman aiki.

"An rasa babba ne a ofishin naku?"

"Manyan suna wurin taro, Baba. Mu ake aikowa gidaje."

Yayata ta kawo shayi a kofunan da ba a fito da su sai ga baƙon da ake son burgewa. Yarinyar tana kwance a doguwar kujera cikin farar riga mai leshi, da takalmi a ƙafarta, an gyara mata gashi, bakinta a ɗan buɗe. Da ƙarfe ɗaya na ji ƙarar cokali a kicin. Na san ta, kamar yadda mutum yake sanin tarin mahaifinsa a cikin taro.

"Tun yaushe take barci, Mama?"

"Ai haka take, 'yar nan. Ba ta da rigima ko kaɗan. Ubanta ta gado."

Jami'ar ta dubi yarinyar ta ɗan jima, sannan ta karɓi takardar. Ba ta taɓa shayin ba. Ta bi amsoshin da bakin biro.

"Wa ya cike?"

"Likitan gidan," in ji Manaja, yana nuna ni da haɓa. "Ƙanen maiɗakina ne."

"Rubutun da kyau." Biron ya sauka ya sauka, sai ya tsaya kusa da ƙasa. "Ta goma sha ɗaya fa? Kun tabbata?"

"Mun tabbata da kowace."

"Bari in karanta muku. Shin akwai wani babba, ko da mutum ɗaya ne, wanda yaron yake iya zuwa wurinsa ya faɗi damuwarsa a saurare shi?" Ta ɗago. "Kun ce a'a."

Ban taɓa ganin fuskar Manaja ta rasa abin yi ba sai ranar. Bai daɗe ba ya samo dariya ya maƙala mata.

"Kin gani ko? Sun juya tambayar. Irin tarkon da nake faɗa ke nan, Likita. Kuskuren biro ne, 'yata. Ba shi ya gyara. Ai shi ne ma mutumin. Yaron nan kullum yana shagon kawunsa, sai mun aika a kamo shi."

"Kamar uba yake a wurinsa," in ji yayata.

Jami'ar ta miƙo mini takardar da bironta. "Ka gyara in kuskure ne, Baba. Ita na fi dubawa. Sauran duk kaya ne da ake ɗora wa yaro, babu kuma ɗaya a cikinsu da shi kaɗai yake kai mutum ga allura. Na ga waɗanda suka taso cikin duka da maye suka fita lafiya. In ka bincika, sau da yawa za ka tarar akwai wani, malami ko goggo ko maƙwabci, da ya zauna ya ji su. Shi ya sa nake son in san ko gidan nan yana da irinsa."

Na karɓi biron. Na roba ne mai arha, an tauna murfinsa.

Gaskiya ne yana zuwa shagona. Ranar da na fi tunawa yana da shekara tara. Bayan an tashi makaranta ne, ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya, ya zagayo bayan kanta ya zauna a kan kwalin sirinji. Ya ce, "Kawu, zan iya zama a nan?" Na ce ya zauna mana. Ya ce, "Ba yau kaɗai ba." Akwai mutum uku a gaban kanta, ɗayansu matar wani babban jami'i ce da nake son ta riƙa saye a wurina. Na ce masa ya bari in sallami mutane. Da suka tafi ya fara magana, kansa a ƙasa, ya ce, "Jiya Baba ya…" sai na katse shi. Na san ƙarshen maganar, na kuma san in na bari ya ƙarasa to ta zama tawa, dole in je in tsaya gaban Manaja, mutumin da ya taɓa kirana mai sayar da alewar ciwon kai a gaban baƙinsa na yi dariya tare da su. Na taɓa goshin yaron na ce kamar jikinsa da ɗumi. Na sauko da kwalba, na cika cokali. Ya buɗe baki da kansa. Bayan rabin sa'a na tare masa tasi.

Ya ƙara zuwa sau da yawa, amma bai ƙara fara wata magana ba. Yana shekara goma sha uku ya daina jira in zuba masa. Yana goma sha shida na lura kwalabe suna raguwa a kanta ta sama, na kira mai gyaran makulli ya canza kwaɗo, ban gaya wa kowa ba. A shekarar ya bar makaranta. Inda ya koma nema bayan na kulle ƙofata, da abin da aka miƙa masa a can, sai ranar da aka same shi a banɗakin wancan ofis na sani.

"Likita," in ji Manaja, "'eh' harafi biyu ne fa. Ko shi ma sai an yi maka allo?"

Na ajiye biron a kan teburinsa, tsakanin tabarau da waya.

"Ba kuskure ba ne," na ce. "A takardar nan ita kaɗai ce gaskiya, ita ma ban yi niyyar rubuta ta ba."

Daga nan na faɗa. Ban tsara ba, kuma muryata ba ta yi daɗin ji ba. Na faɗi kunnen yayata, na faɗi motar bakin get, na faɗi rabin cokali da yadda ya zama cikakke, na faɗi kwaɗon da na canza. Sannan na nuna doguwar kujera na ce yarinyar nan ba barcin Allah take yi ba, da ƙarfe ɗaya aka ba ta, ni kuma na rubuta sunan maganin.

Manaja bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya naɗe a hankali. "Kin ga wannan, 'yata? Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Ko kyanwa bai taɓa rainonta ba. Tun da ya rufe ɗan akurkin nan nasa kansa ya fara taɓuwa, mu muke rufa masa asiri."

Yayata ce ta ba ni mamaki. Ta ajiye tiren da ke hannunta, ta zo ta tsaya a kaina, ta juyo mini kunnen da ba ya ji, kamar ba ta bukatar amsata.

"Yau ka sami baki? Na zo maka da kunne yana jini. Na ce kai ne namijin da nake da shi, ka je ka yi masa magana. Me ka ba ni? Kwalba. In yaron ya yi kuka ni za a daka, in na faɗi a koma kansa. Wanne ka so in zaɓa? Shekara ashirin da bakwai kana cin abinci a gidan nan kana cewa an gode, sai yau da ka ga baƙuwa za ka zama waliyyi a kaina?"

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a maganarta. Sai dai ita ma, da ta gama, ba ta dubi kujerar da jikarta take kwance ba.

Jami'ar ta riga ta durƙusa gaban yarinyar. Ta ɗaga mata fatar ido, ta kira ta, ta ɗan girgiza kafaɗarta. Yarinyar ta buɗe ido ta sake rufewa.

"Cokali nawa, Mama?"

Yayata ta kau da kai.

"Ba don rahoto nake tambaya ba, don likita ne. Na gaske."

"Ɗaya da rabi," in ji yayata. "Saboda za ki zo."

Jami'ar ta ce za a kai yarinyar asibiti a duba ta yanzu, kakar za ta iya biyo su da kwalbar. Ta saɓa ta a kafaɗa, takalmi ɗaya ya faɗi, ba wanda ya ɗauka. Manaja ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya dube ni kamar akwai babban tebur a tsakaninmu.

"An sallame ka," ya ce.

A bakin get, muna jiran mota, na yi zaton jami'ar za ta ce wani abu mai sanyi. Na ma shirya yadda zan ƙi karɓar godiyar. Sai ta zaro wani sabon fom daga jakarta da hannu ɗaya ta miƙo mini.

"Ka sake cikewa. Wannan karon ka karanta."

Na jingina takardar da bango na fara. Rubutun bai yi kyau ba, bangon yana da ƙurzunu.

"Baba, in tambaye ka. Da ba a juya tambayar nan ba, da duk a'a ɗin sun zauna daidai, da ka yi magana?"

"Da ban yi ba."

"Haka na zata," ta ce, ta gyara kan yarinyar a kafaɗarta.

Mako biyar aka yi kafin a yanke. An ba Mai Ɗinki 'yarta, kakanni za su iya ganinta ranar Asabar a ofishin, a gaban wani. Manaja ya ce shi ba ya zuwa ofishin da ba shi ne a kan kujera ba. Yayata tana zuwa. Ta aiko mini da tsofaffin kwanukan mahaifiyarmu da suke wurinta, cikin kwali, babu saƙo, na kuwa fahimci saƙon.

Na je cibiyar sau ɗaya don in ga Shiru-shiru. Na zauna a wani benci na ƙarfe kusan sa'a guda, sannan wani ma'aikaci ya fito yana ƙoƙarin danne murmushi.

"Kai ne kawun? Ya ce a gaishe ka. Ya ce a gaya maka ba shi da tari."

Mai Ɗinki ce ta neme ni, ba ni na neme ta ba. Ɗakinta ɗaya ne a hawa na uku na wani dogon gini, da katifa a ƙasa da risho a lungu da igiyar shanya da ta ratsa taga. Da yammacin Lahadi na je. Tun daga matakala nake jin yarinyar. Likita ya yi makonni yana bibiyarta bayan an raba ta da maganin, yanzu kuwa ba ta zama. Ta hau katifa ta diro, ta ja igiyar shanya, ta yi kuka don an hana ta almakashi, ta manta da kukan ta fara tambayar me ya sa kaina ba gashi. Uwar ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi. Ba ta ba ni wurin zama ba, kujerar ma ɗaya ce, an tara yadi a kai.

"Kada ka ɗauka godiya na kira ka in yi maka," ta ce. "Na ga takardar da ka rubuta sunan maganin. An nuna mini."

"Na sani."

"Makarantarsu ana tashi ƙarfe ɗaya. Ni sai biyar. Maƙwabciyata tana riƙe ta kwana uku, Talata da Alhamis ba ni da kowa. Na duba duk dangin ubanta, kai kaɗai ne ba ka da aikin yi, kai kaɗai ne kuma aka kora."

"Zan iya."

"Ban ce za ka iya ba. Na ce ba ni da kowa." Ta fizge almakashin daga hannun yarinyar ba tare da ta duba ba. "Ba za ka ba ta komai ba sai abin da na zuba a kula. Ko zazzaɓi ta yi, ni za ka kira. In ta yi kuka ka bar ta ta yi, ka tambaye ta mene ne. Za ta gaya maka abu ɗaya sau ashirin, ka amsa sau ashirin. Ka iya?"

"Ban taɓa ba."

"Wannan ai kowa ya sani."

Ranar Talata tun sha biyu da rabi ina bakin makarantar, ni kaɗai tsoho a cikin iyaye mata da direbobi. Da aka buɗe ƙofa malamar ta duba takardarta ta ce babu ni a cikin masu ɗauka. Na yi bayani, ta ce bayani ba ya cikin takarda. Ta kira uwar a waya ta buɗe muryar yadda kowa zai ji. Ta cikin ƙarar kekunan ɗinki na ji Mai Ɗinki tana cewa, "Ku ba shi. Amma ku fara duba aljihunsa."

Malamar ta dube ni, ta rasa ko wasa ne. Na ɗaga hannuwana biyu a gaban matan nan na ce ta duba. Ta fito da makulli, da hankici, da tikitin bas. Yarinyar tana tsaye riƙe da kularta tana kallo, ta ce ita ma sai an duba nata.